Yadda Ake Tanadin Fili da Ciyawa Kafin a Sayi Tumakin Farko

Tambayar da mai shirin fara kiwon tumaki ya fi yi ita ce, tumaki nawa hekta ɗaya za ta ɗauka? Duk wanda ya ba ka lamba tun bai taka filinka ba, kintace kawai ya yi. Akwai ƙasar da ruwa ya wadata, ciyawa na tohowa kusan duk shekara, inda hekta ɗaya ke riƙe tumaki 10 zuwa 15 ba ta gaji ba. Akwai kuma busasshiyar ƙasa inda tunkiya ɗaya tak sai an ware mata hekta biyu, uku ko fiye kafin ta ga ƙarshen shekara da ƙoshi. Saboda haka aikin farko shi ne ka san yawan ciyawar da filinka yake bayarwa, musamman a watannin da ƙasa ta bushe ko sanyi ya tsayar da toho, sannan ka yanke adadin tumakin daidai da ita. Mutane da yawa suna sayen tumaki ne lokacin da ko'ina ya yi kore shar, su ga kamar filin ya fi ƙarfinsu, bayan wata biyar kuma a tarar da su suna neman abincin dabba ko ta halin ƙaƙa, tumakin sun rame, filin ya koma ƙura.

Mataki na farko: san abin da cikin tunkiya yake ɗauka

Tunkiya tana cin abin da ya kai kashi 2 zuwa 4 cikin 100 na nauyin jikinta kowace rana, idan an auna abincin a bushe. Wadda ba ta da ciki kuma ba ta shayarwa tana tsayawa wajen kashi 2. Mai shayar da tagwaye takan kai kashi 4, wani lokaci ta wuce. Don sauƙin lissafi ka ɗauki kashi 3. Tunkiya mai kilo 40 ke nan tana buƙatar kilo 1.2 a rana, mai kilo 70 kuwa, irin manyan tumakin nama, kilo 2.1.

Ka lura, a bushe ake wannan awon. Ɗanyar ciyawa kashi 75 zuwa 85 nata ruwa ne, don haka kilo 1.2 na busasshiya daidai yake da wajen kilo 6 na ɗanya. Shi ya sa a farkon damina za ka ga tunkiya ta wuni tana kiwo, cikinta ya cika tim, amma tana zawo, jikinta bai ƙaru ba. Sabon toho ruwa ne ya fi yawa a cikinsa.

Mu ɗauki misalin da za mu yi ta komawa kansa: tumaki mata 10 masu kilo 40, da rago ɗaya mai kilo 60. Matan kilo 12 a rana, ragon kusan kilo 2, jimla 14. Amma garke ba ya tsayawa yadda ka saye shi. Tunkiya tana ɗaukar ciki kimanin kwana 147, wato wata biyar, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na girman ɗan da ke cikinta yana faruwa ne a makonni shida na ƙarshe. Daga nan har zuwa watanni biyun farko na shayarwa buƙatarta tana hawa sosai, ga kuma 'ya'yan da za su fara tsinkar ciyawa tun suna 'yan makonni. Ƙara kilo 5 a rana saboda wannan, ya zama 19. A shekara kilo 6,935 ke nan, mu ce tan 7 na busasshiyar ciyawa. Rubuta wannan lambar, domin duk sauran aikin a kanta ya rataya.

Idan ka ga goma sun yi maka yawa, rage, amma kada ka yi ƙasa da uku. Tunkiya dabbar garke ce, wadda aka bari ita kaɗai ba ta samun natsuwar ci, kuka take yi tana neman hanyar fita.

Mataki na biyu: taka filin da ƙafarka

Fara da faɗinsa na gaskiya. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, wato mita 100 tsawo, mita 100 faɗi. Eka ɗaya kimanin murabba'in mita 4,047 ce, don haka hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Auna da tef ko da manhajar awon fili ta waya, sannan ka cire duk inda ciyawa ba ta fitowa: duwatsu, hanya, gini, sarƙaƙiyar ƙaya, da wurin da za ka kafa makwanci da rumbun ciyawa. Abin da ya rage shi ne filin kiwonka.

Ka ga filin aƙalla a yanayi biyu, lokacin da ruwa ya fi sauka da lokacin da ƙasa ta fi bushewa. Bayan an yi ruwa mai ƙarfi, je ka duba inda yake kwanciya. Wurin da ya kwana biyu da ruwa a kansa, ko ƙafarka ke nutsewa a taɓo, ba wurin tumaki ba ne a wannan lokacin. Danshi yana tausasa fatar da ke tsakanin kofato, ƙwayar cutar ruɓewar kofato ta samu shiga, sai ka ga tunkiya tana kiwo a durƙushe kan gwiwa. A irin wannan wuri ne kuma ƙananan katantanwa suke zama, waɗanda tsutsar hanta ke rayuwa a jikinsu kafin ta hau ciyawa. Tudu mai tsane ruwa, ko da ciyawarsa ba ta kai ta fadama yawa ba, ya fi wa tunkiya lafiya. Fadamar ka bar ta don yanka ciyawa, ko don kiwo bayan ta bushe sarai.

Duƙa ka kalli ƙasa daga sama. Idan rabin abin da kake gani tsirarar ƙasa ce tsakanin gindin ciyawa, filin ya riga ya gaji, hutu yake so kafin dabba ta shiga. Duba irin ciyawar kuma. Tumaki sun fi son gajeriyar ciyawa mai laushi da ganyaye masu faɗi, musamman dangin wake, kuma sukan bar doguwar ciyawar da ta yi kara. Fili mai tsayin ciyawa har ƙugu yana iya cika ido, amma abin da tunkiya za ta ci a ciki kaɗan ne.

Tambayi abin da aka yi da wurin a baya. Tsohon juji, wurin da aka zubar da batura ko fenti ko gwangwanayen maganin feshi, duk suna kashe dabba. Leda ma haka: tunkiya ta haɗiye ta, ta taru a tumbi, dabbar ta yi ta ramewa ba a san dalili ba. Idan aro ko haya za ka yi, a rubuta yarjejeniya ta shekaru, domin shinge da gyaran ciyawa ba sa mayar da kuɗinsu a shekara ɗaya. Ka kuma san dokar wurin da kake game da ajiye dabbobi, ka gana da maƙwabtan da gonakinsu ke jikin filin tun kafin tunkiya ta farko ta iso.

Mataki na uku: auna ciyawar

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, alhali bai fi aikin yini ɗaya da 'yan kwanakin shanya ba. Haɗa sanduna huɗu masu tsawon mita ɗaya-ɗaya su zama murabba'i. Lokacin da ciyawa ta kai ƙarshen girmanta, shiga filin ka ajiye wannan firam a wurare goma daban-daban. Kada ka zaɓi inda ya fi kyau. Jefa dutse ta bayanka, inda ya faɗi nan za ka ajiye. Yanke duk abin da ke cikin firam ɗin da lauje, ka bar kamar faɗin yatsu uku daga ƙasa, ka tsince abin da ka san tunkiya ba ta ci ka yar. Zuba na kowane wuri a buhunsa, ka shanya har sai ya bushe ƙayau, yana karyewa in ka lanƙwasa, kuma nauyinsa ya daina raguwa daga yau zuwa gobe. Auna kowanne da ƙaramin sikeli, ka haɗa, ka raba goma.

Giram ɗaya a murabba'in mita daidai yake da kilo 10 a hekta. Idan matsakaicin da ka samu giram 300 ne, filinka yana da kilo 3,000 a hekta. A ƙasar da ciyawa ke girma sau ɗaya a shekara, wannan shi ne kusan duk abin da za ka samu. Inda take sake tohowa bayan an yanka, killace wuraren da ka yanka, ka sake yankewa duk bayan wata ɗaya ko makonni shida, ka tara jimlar.

Ba duka tumaki za su ci ba. Wani za su tattake, wani su ɓata da kashi da fitsari, gara da iska su ɗauki nasu, kuma dole a bar wa ciyawar ganyen da za ta farfaɗo da shi. Tsohuwar ƙa'idar masu kiwo ita ce a ci rabi a bar rabi. A busasshiyar ƙasa ma rabin ya yi yawa, kashi ɗaya cikin uku ya fi aminci. To, in aka bi ƙa'idar rabi, kilo 3,000 ya koma 1,500. Raba tan 7 ɗin garkenmu da 1,500, ka ga ana buƙatar kusan hekta 5 idan filin ne kaɗai zai ciyar da su duk shekara. Da a ce shukakkiyar ciyawa ce mai samun ruwa da taki, tana ba da tan 10 a hekta, da hekta ɗaya da rabi ta isa. Garke ɗaya ne, amma filin da yake buƙata ya ninka fiye da sau uku saboda bambancin ƙasa.

Idan lissafin ya nuna filinka bai kai ba, hanya uku ce: ka rage tumakin, ka inganta ciyawar, ko ka amince tun yanzu cewa wani ɓangare na abincinsu daga waje zai zo, ka kuma san daga ina. A ganina mai farawa ya fara da rage tumakin, sauran biyun su biyo baya a hankali.

Mataki na huɗu: raba filin, ka riƙa juya su

Kalli bakin tunkiya tana kiwo. Leɓenta na sama a tsage yake, ba ta da haƙoran gaba a sama sai dasashi mai tauri, kuma tana iya tsinke ciyawa daf da ƙasa, inda saniya ba ta kaiwa. Ga ta da zaɓe. In ka sake ta a fili ɗaya kullum, za ta koma kan ciyawar da ta fi daɗi duk lokacin da ta ɗan toho, ta sake cinye ta. Ciyawar da aka yi wa haka sau uku, sau huɗu, takan ƙarar da abin da ta tara a saiwa, saiwar ta gajarce, ta mutu. Wadda tumakin ba sa so kuwa ta yi iri ta bazu. Cikin shekara biyu ko uku sai ka ga filin ya cika da abin da ba a ci.

Dalili na biyu ya fi wannan gaggawa, wato tsutsar ciki. Mafi haɗari a wurare masu ɗumi da danshi ita ce wadda masana ke kira Haemonchus, mai zama a ciki tana shan jini. Mace ɗaya tana iya zuba ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a rana. Ƙwan yana fita da kashi, ya ƙyanƙyashe, kuma in akwai ɗumi da laima, cikin kwana huɗu zuwa bakwai 'ya'yan sun kai matakin kama dabba. Suna bin danshin raɓa su hau ganye, amma yawancinsu ba sa wuce santimita 5 zuwa 10 daga ƙasa. Daga nan ƙa'idoji biyu suka fito. Kada tumaki su wuce kwana uku ko huɗu a wuri ɗaya lokacin damina, don su tashi kafin ƙwan da suka zubar ya zama haɗari. Kada kuma ka bari su ci ciyawa har ƙasa, inda tsutsar ta fi yawa.

Yawan sassan da za ka raba filin yana fitowa daga lissafi mai sauƙi: kwanakin hutu, a raba da kwanakin kiwo, a ƙara ɗaya. Idan kana son kowane sashe ya huta kwana 36, tumaki kuma su yi kwana 4 a ciki, sassa 10 kake buƙata. Girman kowane sashe kuma daga cikin garken yake fitowa. Namu yana cin kilo 19 a rana, kwana huɗu kilo 76. Idan ciyawar da ke tsaye ta kai kilo 1,500 a hekta, rabinta 750, to kashi ɗaya cikin goma na hekta ya isa, wato fili mai mita 25 da mita 40.

Kwana 36 ba doka ba ce. A ƙasa mai zafi da ruwa, 'ya'yan tsutsar da ke kan ciyawa suna ƙarewa da sauri, yawancinsu cikin wata ɗaya zuwa biyu. A ƙasashen sanyi suna iya yin watanni da rai, don haka can hutun wata ɗaya yana taimakon ciyawa amma ba ya tsabtace fili. Ita ma ciyawar saurin tohonta yana canzawa, a tsakiyar damina makonni uku ko huɗu sun ishe ta, a ƙarshenta sai ta nemi ninkin haka. Tsayin ciyawa ya fi kalanda gaskiya. Ga gajerun ciyayi, shigar da tumaki in ta kai santimita 20 zuwa 25, ka fitar da su in ta sauko zuwa 8 ko 10. Dogayen ciyayin ƙasashe masu zafi, irin su gamba da ciyawar giwa, ana barin gindinsu ya fi haka tsayi. Yanka sanda ka yi mata alama biyu, ta shiga da ta fita, ka riƙa tafiya da ita.

Idan kana da shanu ko doki, bari su bi bayan tumaki a sashen da aka tashi, domin yawancin tsutsotsin tumaki ba sa rayuwa sosai a cikinsu, kuma suna cin doguwar ciyawar da tumakin suka bari. Awaki ba sa wannan amfanin, tsutsarsu ɗaya da tumaki.

Wanda ba shi da halin shinge goma kada ya fasa. Sassa huɗu sun fi fili ɗaya nesa ba kusa ba. Ga tumaki biyu ko uku, turke ma yana aiki: igiya mai mita 4 tana ba dabba kimanin murabba'in mita 50. Sai dai a matsar da turken kullum, a sa ƙarfe mai juyawa don kada igiyar ta murɗe ta shaƙe ta, a tabbatar da inuwa da ruwa, kuma a tuna dabbar da ke ɗaure ba ta iya guje wa kare. Ga tumaki goma, ban ga hikimar turke ba.

Mataki na biyar: shinge, ruwa, makwanci

Kashe kuɗinka a shingen waje, na ciki ya zama mai sauƙi. Wayar raga mai tsayin mita 1 zuwa 1.2 ita ce ta fi dacewa, a ja ta da ƙarfi, gindinta ya taɓa ƙasa, domin ɗan tunkiya ta ƙasa yake fita, kare ma ta nan yake shiga. Zaɓi mai ƙananan ramuka, kamar santimita 10, don masu ƙaho kada su cusa kai su maƙale. Waya mai ƙaya ita kaɗai ba ta tsare tumaki, sai dai ta yage musu fata. Siffar fili ma tana da tasiri: hekta ɗaya mai kusurwa huɗu daidai tana cin mita 400 na shinge, amma in mita 200 ce da mita 50, sai ta ci 500.

Don raba ciki, ragar lantarki mai aiki da batir ko hasken rana tana da sauƙin ɗauka daga sashe zuwa sashe. Tumaki masu gashi mai kauri ba sa jin wutar a jiki, sai a hanci ko kunne, don haka a fara koya musu a ƙaramin wuri mai shinge na gaske. Inda babu wannan, danga ko shingen itatuwa masu rai suna yi, in an toshe gindinsu da kyau. Ka bar siririn burtali da ya taɓa kowane sashe, ya kai ga ruwa da makwanci, don kada ka riƙa ratsa sashen da ke hutu.

Tunkiya tana shan lita 4 zuwa 8 a rana, mai shayarwa a lokacin zafi takan kai 10 ko fiye. Ga garkenmu, tanadi lita 100 zuwa 120 kullum. Tumaki suna ƙin ruwan da ya yi datti, gara su zauna da ƙishi, kuma wadda ba ta sha ba ba ta cin busasshen abinci. Ɗaga komin ruwan daga ƙasa yadda kashi ba zai faɗa ciki ba, ka zuba tsakuwa kewaye da shi don kada wurin ya zama taɓo.

Makwanci ba sai gini mai tsada ba. Rumfa a kan tudu, mai rufin da ba ya yoyo, iska na ratsawa ta sama, ƙasa a bushe. Ware murabba'in mita 1.5 ga kowace tunkiya, 2 ga mai 'ya'ya, da santimita 40 na bakin komi ga kowace, don masu ƙarfi kada su hana raunana ci. Ɗakin da aka toshe ko'ina warin fitsari yake tarawa, daga nan tari da ciwon huhu. A jikin rumfar ka killace ɗan fili da ka haƙura da ciyawarsa. Nan garken zai zauna yana cin abin da ka yanko duk ranar da filin kiwo ya jiƙe da yawa ko ciyawa ta ƙare. Wannan ɗan filin shi ke ceton sauran. Takin da ya taru a wurin ka tara shi ya ruɓe sosai kafin ka mayar wa filin kiwo.

Mataki na shida: tanadin watannin da babu toho

Ƙidaya kwanakin da ciyawa ba ta girma a wurinku, ko rani ne ke tsayar da ita ko hunturu. Mu ce 150 ne. Kilo 19 sau 150 ya ba da kilo 2,850. Ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na abin da za su zubar su tattake, ka doshi tan 3.4. Wannan ya kasance a rumbu, ko ka san takamaiman inda zai fito, kafin ruwa ya ɗauke.

Lokacin yanka ya fi yawan abin da aka yanka muhimmanci. Ciyawa tana da ƙarfinta ne kafin ta yi fure ko tana fara fitar da kai. In ta tsufa ta bushe a tsaye, sinadarin gina jiki da ke cikinta yakan faɗi zuwa kashi 3 ko 4 cikin 100, alhali ƙananan halittun da ke narka abinci a tumbin tunkiya suna buƙatar wajen kashi 7 kafin su yi aiki sosai. Ƙasa da haka, abinci yana daɗewa a ciki, dabbar ta rage ci, ta rame ga ciyawa a gabanta. Maganin wannan shi ne dangin wake: harawar wake ko ta gyaɗa, lablab, alfalfa. Ko kashi ɗaya cikin uku na abincin ya zama irin wannan, sauran busasshiyar ciyawar da kara sai su yi amfani. Idan kana da ɗan wurin da za ka shuka abu ɗaya don tumaki, shuka dangin wake. Suna kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Yanka da safe bayan raɓa ta bushe, shanya kwana biyu ko uku kana juyawa, ka kwashe tun ganyen bai kakkaɓe ba, domin a ganyen amfanin yake. Ajiye a kan katako ko duwatsu, ƙarƙashin rufi. Wadda ta yi fumfuna ko wari, a zubar. A ba su a cikin abin da aka ɗaga daga ƙasa, don tunkiya ba ta cin abin da ta taka.

Itatuwan da ake yanka ganyensu, kamar zogale da Leucaena, suna da kyau a jikin shinge. Leucaena dai kada ta wuce kashi 30 cikin 100 na abincin, tana da wani sinadari da ke zubar da gashi in ya yi yawa.

Abubuwan da ke kashe tunkiya a filin da ya yi kyau

Gyauron dawa, da duk dawar da ba ta kai tsayin gwiwa ba, musamman wadda fari ya taɓa sannan ruwa ya sauka, tana ɗauke da guba mai kashewa cikin ɗan lokaci. Ɗanyen ganyen rogo da ɓawonsa ma haka, sai an shanya. Zaƙami, ƙwayar zurman da tsiron da ake kira Lantana, a tumɓuke su kafin dabba ta shiga. Tumaki masu yunwa da aka saka cikin ɗanyar alfalfa ko makamanciyarta mai raɓa suna iya kumburin ciki, don haka a fara ba su busasshiyar ciyawa, a shigar da su in rana ta ɗaga. Hatsi da dusa a fara da ɗan kaɗan, a ƙara a hankali cikin kwana 10 zuwa 14. Gishirin lasa kuma ya zama wanda aka yi don tumaki. Na shanu da abincin kaji sukan ƙunshi sinadarin jan ƙarfe da yawa, shi kuwa taruwa yake a hantar tunkiya har ranar da zai kashe ta.

Mataki na bakwai: kawo su, ka sa ido

Shekarar farko sayi rabi, ko kashi biyu cikin uku, na abin da lissafinka ya ce filin zai ɗauka. Awon da ka yi na shekara ɗaya ne, ba ka san ko mai albarka ce ko mai ƙarancin ruwa ba. Sababbin su zauna a filin rumfa makonni uku zuwa huɗu kafin su taka ciyawa. A wannan lokacin likitan dabbobi ya duba su, ya ba da maganin tsutsa da rigakafin da ya dace da yankinku, a gyara kofato. Tsutsar da ba ta jin magani da ruɓewar kofato galibi da sabuwar dabba suke shigowa, kuma in sun sauka a fili fitar da su aiki ne.

Duk bayan mako biyu a lokacin damina, kama kowace tunkiya a wuri mai haske. Danna fatar idon sama a hankali da babban yatsa, ka ja ta ƙasa da ɗayan, ka kalli launin cikin fatar. Ja sosai lafiya ce. Ruwan hoda mai haske alamar jini ya fara raguwa ne. Fari fat kuwa, musamman in ƙarƙashin haɓa ya kumbura da ruwa, dabbar tana bakin mutuwa. A Afirka ta Kudu aka tsara wannan dubawa a shekarun 1990, da kati mai launi biyar da ake kira FAMACHA. Amfaninsa shi ne ka ba masu buƙata kaɗai magani. Ɗura wa garke duka kowane wata shi ke haifar da tsutsar da magani ba ya kashewa. Dubawar ido tsutsa mai shan jini kawai take nunawa, don haka zawo da rama ma a kula da su.

Ka kuma ɗora tafin hannu a gadon bayanta, bayan haƙarƙari na ƙarshe. In ƙashin baya yana sukar hannunka, yatsunka kuma suna shigewa ƙarƙashin ƙasusuwan gefe cikin sauƙi, abinci bai isa ba, ko da ido yana ganin gashi ya rufe. In kana jin ƙashin sai ka ɗan danna, nama ya cika gefe da gefe, daidai take.

Riƙe littafi: ranar shiga kowane sashe, ranar fita, tsayin ciyawa, ranar da ka buɗe rumbu da ranar da ya ƙare. Haɗa rago da matan yadda haihuwa za ta faɗo lokacin da ciyawa ke tashi, wato ka ƙirga wata biyar baya daga wannan lokacin. Raba 'yan raguna da iyayensu da 'yan'uwansu mata tun suna wata uku zuwa huɗu, kafin su fara barbara, ka kuma fitar da waɗanda ba za ka riƙe ba kafin ciyawa ta tsaya, domin tumaki goma da suka haihu sun zama baki ashirin ko fiye a kan filin da ka auna wa goma sha ɗaya. In ƙarshen rani ya zo da sauran ciyawa a rumbu, ƙasa a rufe ba tsirara ba, matan kuma ba su faɗa ba, riƙe 'yan mata biyu ko uku daga cikin waɗanda aka haifa. In ɗaya daga cikin ukun nan bai cika ba, bar adadin yadda yake, ka sake ɗaukar firam da lauje a damina mai zuwa.